Kwandon Waɗanda Suka Warke

Nelda ba ta gama haɗiye ƙwayar ba ta ji an ƙwanƙwasa gilashin motarta. Ta yi wuf ta tura gwangwanin alawar ƙarƙashin cinyarta, ta haɗiye da ƙyar ba ruwa, ƙwayar ta tsaya mata a maƙogwaro. Fasto Estill ne ya sunkuyo yana murmushi, tabaransa ya zamo har kan hanci.

"'Yar'uwa Nelda, kin riga ni. Na ce ƙarfe takwas, ke kuwa tun da saura kwata kin kafa mota a ƙofar coci."

"Barcin ne ya ƙi zuwa, Fasto," in ji ta, tana sauke gilashin.

"Wa ya samu barci? Tun da aka kwashi yayarki zuwa asibiti shekaranjiya ba wanda ya runtsa a kwarin nan." Ya miƙo mata wani ambulan wanda mai ya riga ya jiƙa gefensa. "Ga shi. Jiya dattawa bakwai suka ɗora masa hannu. Ki maƙala mata a riga, daidai ƙirji."

Farin hankici ne a ciki, an shafe shi da man zaitun. Haka muke yi a cocin Tackett Fork in maras lafiya ya kasa zuwa da ƙafarsa: dattawa su yi addu'a a kan hankici, a ba mutum ɗaya ya kai masa.

"Ba mu yi gardama a kan wanda zai kai ba," Fasto ya ci gaba. "Ƙanwarta ce ke, kuma ciwonku ɗaya. In Opal ta buɗe ido ta ga wadda Ubangiji ya riga ya warkar, bangaskiyarta za ta tashi."

"Amin," in ji Nelda. Ɗacin ƙwayar yana nan a bakinta.

Muna da wani kwando a cocin, a gaban bagade. Kakar Fasto ce ta saƙa shi don kwasar ƙwai, amma ya fi shekara arba'in bai ga ƙwai ba. Duk wanda Allah ya warkar, sai ya tashi a cikin sujada ya ba da shaida, ya jefa abin da ya daina bukata. Akwai tabarau biyu a ciki, da na'urar kunne ɗaya, da wani ƙarfen gwiwa, sai kwalaben magani. Ba wanda ake tilasta wa. In ka tambayi Fasto Estill zai gaya maka bai taɓa ce wa kowa ya bar magani ba, gaskiya kuma ya faɗa. Cewa yake yi warkar rai ita ce babba, jiki riga ne kawai da za mu tuɓe wata rana. Ga kuma tabaransa a hanci kowa na gani. Sai dai ranar da kwalba ta faɗa cikin kwandon nan, jama'a suka miƙe da tafi da kuka, ba muryar da ke kai tasa ƙarfi. Wa'azin riga kuwa, rabinmu hamma muke yi a cikinsa.

Nelda ta jefa tata kwalbar a watan Satumba, lokacin taron farkawa. Shekara biyu ke nan a lokacin da rasuwar mijinta Coy, wanda ƙurar kwal ta cinye wa huhu. Tun ranar da aka binne shi ba ta ƙara kwanciya a gadonsu ba, a kujera take kwana, kuma ko da yake ba ta fasa zuwa coci ba, haushin Allah take ji kamar ta fashe. A yammacin nan mata suka kewaye ta da addu'a, sai wani abu da ya daɗe a danne a ƙirjinta ya saki. Ta yi kuka har ta jiƙe rigar matar Fasto. Da ta miƙe sai ta ji ta sakayau, ta ce Ubangiji ya warkar da ita, ta buɗe jaka ta ciro kwalbar maganin hawan jini ta jefa. A ranar dai ba ƙarya ta yi ba, wannan zan iya tsaya mata a ko'ina.

Bayan mako uku, tana tsaye a kicin ɗin makarantar firamare inda take girki, sai ta ga duhu, da ba ta kama gefen tebur ba da a cikin tukunyar wake za ta faɗa. Washegari ta yi tafiyar minti hamsin zuwa gundumar gaba, inda ba wanda ya san ta. Da likitan ya auna jininta sai ya ajiye bironsa ya kalle ta. Tun daga nan duk wata take zuwa kantin maganin can, a ba ta kwalbarta a cikin farar jakar takarda mai koren layi. Sai ta juye ƙwayoyin a gwangwanin alawa, ta jefar da kwalbar da jakar a shara a gidan mai. Lafiya ta zauna mata, har kumatu ta yi. Kowace Lahadi kuma sai wani ya nuna ta ya ce a dubi aikin Ubangiji.

A watan Janairu yayarta Opal ta tashi a tsakiyar sujada da tata kwalbar a hannu. Opal ta girme ta da shekara goma sha ɗaya, ita ta raine ta bayan hawan jinin nan ya kashe mahaifiyarsu. Ta ce, "Wanda ya yi wa autarmu, ni ma zai yi mini," ta jefa. Nelda ta yi niyyar gaya mata a daren, sannan ta ce gobe, sannan ta ce bari sanyi ya wuce. Shekaranjiya Opal tana shanya kaya a bayan gida ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa asibitin. Nelda ta ɗora ambulan ɗin a kujerar gefe. Sau biyu ta fara addu'a a hanya, sau biyu tana kasa wuce kalmar farko.

A ƙofar ɗakin ta tarar da Delbert, mijin Opal, yana zaune yana murza hularsa. Makanike ne, shi da coci sai jana'iza ko ranar da aka yi girki.

"Ga ta nan, mai tafiya a kan ruwa," in ji shi, bai ko tashi ba. "Me kika kawo? Wani tsumman?"

"Delbert, don Allah. Yaya jikin nata?"

"Jiki? Ta rufe baki gam. Tun jiya suke binta da magani kamar yarinya, ta ƙi. Wai in ta sha ta koma baya." Ya shafa gemunsa da bai aske ba. "Likita ya ja ni gefe ya ce in ba ta sha ba, shanyewar jiki ta biyu na iya zuwa cikin kwanakin nan, ita kuma ba za ta bar mana komai ba. Kin ji? Komai."

Nelda ta jingina da bango.

"Ni ban iya addu'a irin taku ba," Delbert ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma na san wanda ya ba ni hannun gyaran mota shi ya ba likitan nan kai. In birkina ya lalace ba man zaitun nake shafa masa ba. Na gaya mata haka, kin san me ta ce? Wai in dubi Nelda. Duk abin da na ce, dubi Nelda. To ga ni ina dubanki. Ke naki ya yi, na ji, Allah ya ƙara. Ki shiga ki ce mata ba kowa ne ke ba."

Ta shiga. Opal ta ƙanƙance a kan gadon, bakinta ya karkace, hannunta na dama yana kwance a kan bargo kamar ba nata ba. Matar da ke iya ɗaga buhun dankali ita kaɗai. Da ta ga ƙanwarta sai idonta na hagu ya yi haske.

"Auta," ta ce. Maganar na fitowa a hankali, kowace kalma da jan ƙafa.

"Yaya. Dattawa sun aiko."

Nelda ta ciro hankicin ta maƙala mata a rigar asibiti da fil. Garin haka ta soki ɗan yatsanta. Opal ta ɗora hannunta mai lafiya a kan hankicin ta lumshe ido.

"Na ba ki kunya," in ji ta.

"Wace irin kunya kuma, Yaya?"

"Bari in faɗa. Ban gaya wa kowa ba." Ta huta, ta sake tattaro kalmomin. "A watan Mayu kaina ya yi ta ciwo. Kamar ana sara. Ran nan bayan an tashi sujada na tsaya gaban kwandon. Na ga tawa. Har na miƙa hannu."

"Da kin ɗauka."

"A'a. Na tuna ki. Na ce Auta ba ta taɓa waiwaye ba, ni ce babba zan waiwaya? Na fasa. Amma shakkar ta riga ta shiga. Ubangiji ya gani." Hawaye ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. "Shi ya sa. Laifina ne. Ki roƙa mini, ke yana jin ki."

Nelda ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta san ta yi ƙarya, ta daɗe da sani, amma ba ta taɓa zaton ƙaryar tata ce ta riƙe hannun yayarta a gaban kwandon nan ba.

Wata nas ta shigo da ɗan kofin takarda da markaɗaɗɗen tuffa a cokali. Opal na ganinta ta datse haƙora ta juya kai bango.

"Mama, yau ma faɗan za mu yi?" in ji nas ɗin cikin lallashi. "Ni ma fa 'yar mawaƙa ce a cocinmu. Addu'a da magani ba su taɓa yin faɗa a gabana ba."

"Ki ba mu minti goma," Nelda ta ce. "Don Allah."

Da matar ta fita, Nelda ta jawo kujera ta zauna. Ta buɗe jakarta, ta ciro gwangwanin, ta ɗora a kan bargon kusa da hannun Opal.

"Ba na iya tsotsar alawa yanzu," in ji Opal.

"Ba alawa ba ce."

Ta buɗe murfin. Fararen ƙwayoyi ƙanana, masu tsaga a tsakiya. Opal ta san su, shekara goma sha huɗu ta yi tana shan irinsu kowace safiya. Ta daɗe tana kallon gwangwanin. A waje wani ya wuce yana tura keken abinci, tayarsa ɗaya na ƙara.

"Tun yaushe?"

"Oktoba."

"Na jefa tawa a Janairu."

"Na sani."

"Kina kaɗa kacau-kacau a ranar."

"Ina kaɗawa, Yaya."

Opal ta janye hannunta daga kusa da gwangwanin. Ba ta yi ihu ba, da ma ba ta da bakin ihu yanzu. Nelda ta so a ce ta mare ta kamar yadda takan yi in ta kama ta da satar siga suna yara, da ya fi mata sauƙi.

"To me ya warke?" Opal ta tambaya can. "Na gan ki da idona. Na ga fuskarki. Ba wasa kike ba."

"Ba wasa nake ba." Nelda ta share hanci da bayan hannu. "A daren nan na kwanta a gadon Coy, na yi barci har rana ta fito. Na daina jin haushin Allah. Wannan bai dawo ba har yau, ko sau ɗaya. Ya taɓa ni, Yaya, ban yi ƙarya a nan ba. Amma abin da ya cire mini ba shi da kwalba. Kowa ya miƙe yana jira ya ga abin da zan jefa, ni kuma abin da ke cikin jakata ke nan. Na ɗauka duka ya haɗa ya tafi da su. Da na gane ba haka ba ne, sai kunya ta hana ni komawa. An riga an faɗa a rediyon coci, an gaya wa 'yan Ohio da suka zo hutu..."

"Kunya," in ji Opal.

Ta zuba wa hannunta na dama ido, ta yi ƙoƙarin motsa yatsun, ba su motsa ba.

"Kira matar nan."

Nas ɗin ta dawo, ta murƙushe ƙwayar a cikin tuffar, Opal ta buɗe baki ta karɓa. Sau uku ta gwada kafin ta haɗiye. Duk wannan ba ta kalli ƙanwarta ba. Nelda ta miƙa hannu za ta gyara mata hankicin da ya karkace, Opal ta rufe shi da tafinta.

"Bar shi. Dattawa ba su yi mini ƙarya ba." Ta numfasa. "Kwalba nawa suka shiga bayan taki?"

Nelda ba ta bukaci lissafi ba. Ita ke share cocin kowace Asabar, ita ke kaɗe ƙurar kwandon.

"Biyar. Har da taki."

"Kina da makullin coci. Me kike zaune yi a nan?"

"Yaya, ki yafe..."

"Tafi, Nelda."

Rabon da Opal ta kira ta da sunanta tun ranar aurenta da Coy. Ta ɗauki gwangwaninta ta fita. Ƙofar da ma ba a rufe take sosai ba, Delbert yana tsaye a bakinta, hular a dunƙule a hannunsa. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Ba yau ba," ya ce, ya raɓa ta ya shiga wurin matarsa.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce da ta isa coci. Zafin Yuli ya cika ɗakin, ƙudan zuma ɗaya yana ta karo da taga. Ta durƙusa gaban bagade, ta jawo kwandon, ta fara tono. Kowace kwalba da sunan mai ita a jiki, yadda kantin magani ke bugawa. Ta ware tsofaffin da masu su suka daɗe a maƙabarta. Ta sami tata, ta sami ta Opal wadda ko rabi ba a sha ba. Sauran huɗun ta jera su a kan benci ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta tuna ranar da kowannensu ya tashi, da yadda kowannensu ya juyo ya yi mata murmushi kafin ya jefa. Maganin zuciya, maganin suga biyu, sai na farfaɗiya. Ta zuba su a jaka, suna ta ƙara, ta kulle ƙofar.

Gidan Virgil Napier ne mafi kusa. Dattijon ikkilisiya ne mai shekara saba'in da huɗu, yana cikin bakwai ɗin da suka ɗora hannu a hankicin jiya. Shi ya jefa maganin zuciyarsa a watan Nuwamba, ya yi rawa daga bagade har ƙofa. Duk hanya tana ta shirya yadda za ta fara, tana tsoron kada labarin kansa ya tsayar masa da zuciyar.

Ta same shi a kicin yana ɓare ɗanyen wake a kan jarida, fanka na juyawa.

"A'a, 'yar'uwa Nelda! Shigo, shigo, ja kujera. Kofi ko shayi mai ƙanƙara? Yaya Opal? An maƙala?"

"An maƙala. Ta sha magani kuma."

Hannunsa ya tsaya a kan waken. Nelda ba ta zauna ba. Ta ciro kwalbarsa ta ajiye a kan jaridar, sannan ta ajiye gwangwanin alawar a gefenta ta buɗe murfin.

"Ɗan'uwa Virgil, na zo in gaya maka wani abu ne, ka bari in kai ƙarshe kafin ka ce komai. Ni ban daina sha ba. Mako uku kawai na yi. Duk shaidar da kuka ji ina..."

Sai idonta ya kai kan taga a bayansa. Tsakanin tulun gishiri da tukunyar fure akwai wata farar jakar takarda a naɗe, koren layinta ya leƙo.

Virgil ya bi idonta da kallo. Bai tashi ya ɓoye ba. Kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kwanson wake ɗaya yana juya shi a hannu bai ɓare ba. Fankar ta juyo ta ɗaga gefen jaridar, ta koma.

"Doreen mai ciwon suga ma can kantin take zuwa," ya ce a hankali. "Na taɓa ganin motarta. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta gan ni ba."

Nelda ta lalubi kujerar ta zauna. Kwalaben da suka rage suka yi ƙara a cikin jakarta.

Tsohon ya ɗago. Idanunsa sun cika da ƙwalla.

"'Yar'uwa Nelda," ya ce, "wai ita Opal, da gaske ta daina sha?"